Kalma Ɗari Biyar

Sun ce in faɗi ko ni wace ce
cikin kalma ɗari biyar, kada ta wuce.
Na rubuta: Nayra Ticona, daga El Alto.
Saura ɗari huɗu da casa'in da biyar.
Sai alƙalami ya cije.

Shekara huɗu ina bin unguwa da littafin mita,
ina karanta ruwan da mutane suka sha,
har gidajen da famfonsu iska kawai yake hurawa,
allura na juyawa, kuɗi na hawa.
In sa wannan? Ko za su ce ƙorafi ne?

Makarantar tana Delft, can ƙasar Holan,
inda aka ce teku ya fi gona tudu,
kaka da kakanni suna korar ruwa daga bakin ƙofa.
Mu kuwa nan sama, maƙwabtan gajimare,
muna kallon ƙanƙarar kan dutse tana ja da baya
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Ina so in je wurin waɗanda abin ya yi wa yawa
in koyo yadda ake lallashinsa ya zauna.

Takardar digirina ta sha tambari bakwai.
Mai fassara ya karɓi nasa,
mai shaidar mai fassara ma ya karɓa.
Jarrabawar Turanci ta cinye buhu uku
na dankalin da Mama ta busar da sanyin dare,
tana tattaka shi da tafin ƙafa.
Wata murya cikin kunne ta ce in ba ta labarin
hutun da na yi a bakin teku,
ni da ƙasata ba ta da gaɓa ko taku ɗaya.
Na shirga mata ƙarya da nahawu mai kyau.
Na ci.

Farfesa Aruquipa, sau uku ina hawa benensa.
A na huɗu ya sauke tabarau:
"Ke ce kika faɗa rafi da ma'aunin makaranta?"
Ni ce.
"Kika fito da shi a sama, ke kina ƙasa?"
Ya jawo takarda.

Mama ba ta tambayi sunan digirin ba.
Ta ce, "Suna da dankali a can?"
Na ce shekara biyu ce kacal.
Ta ci gaba da tsifar kitsonta.
"Haka ɗan Fortunata ya ce."

Ranar rufewa, ƙarfe goma sha biyun dare.
Ina shan shayi, hankali kwance,
sai ƙanena Wilmer ya ɗago daga wayarsa:
"Daren wa? Nasu ko namu?"
Ashe tsakar darensu bakwai ɗin yammanmu ce.
Rana ma ta fi saurin zuwa wurinsu.

Na faɗa motar igiya mai lilo bisa rufin kwano,
birni na tafiya ƙarƙashina kamar ba ruwansa.
A shagon kwamfutar Don Hilarión
na'ura ta ce hotona ya yi nauyi.
Muka rage fuskata, muka sake ragewa,
har ta yi daidai da ƙofar da suka buɗe.
Bakwai saura minti takwas, na danna.

"Mun karɓa. Kada ki amsa wannan saƙo."

Shi ke nan.
Wata tara na rayuwata, layi ɗaya.

A gida famfo ya yi tari, ya yi shiru.
Na tura masa bokiti kamar kullum, na zauna.
Yanzu abu biyu nake jira.
Mama ta leƙo: "Sun cika, kalmomin?"
Na ce ɗaya ta rage, ban kashe ba.
Ta ce, "Riƙe ta.
Mai tafiya ba ya juye aljihunsa duka."